Waiwaye: Gibin tallafin ikilisiyoyin Katolika marasa ƙarfi da abin da ya sauya a 1969

Duk shekara idan Oktoba ya kama, aka zo Lahadin da mabiya Katolika a faɗin duniya ke tara baikon mishan, sai tsohuwar muhawara ta sake tashi. Wasu na cewa ikilisiyoyin Afirka da Asiya da Latin Amurka sun girma, majami'unsu cike suke maƙil, don haka lokaci ya yi da za su daina miƙa ƙoƙon bara ga Turai. Wasu kuma na cewa masu bayarwar ne suka gaji, suka janye hannu a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Akwai masu tambayar inda kuɗin ke shiga, kuma tambayarsu tana kan hanya. Abin da ke damuna shi ne yadda kowane ɓangare ke magana kamar jiya-jiya matsalar ta ɓullo, ko kuma annobar korona ce ta haife ta sa'ad da aka rufe majami'u baiko ya tsaya. Gibin nan ya girmi yawancin masu gardama a kansa.

Farkon labarin sananne ne. Manzo Bulus ya tara gudummawa daga masu bi na Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. Ƙarnuka bayan haka sarakunan Fotugal da Sifaniya suka ɗauki nauyin mishan a yankunan da suka mamaye, sannan a 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa ofishi na musamman a Rum domin kula da yaɗa bishara. Tsarin tara kuɗi irin wanda muka sani a yau kuwa daga hannun talakawa ya fito. Wata budurwa mai suna Pauline Jaricot a birnin Lyon na Faransa ta haɗa ma'aikatan saƙar siliki goma-goma, kowa yana ba da ƙwandala ɗaya a mako tare da addu'a. Daga nan ƙungiyar yaɗa bangaskiya ta samu a 1822. Ƙungiyar yara ta biyo baya a 1843, sai wadda Jeanne Bigard da mahaifiyarta suka kafa a 1889 domin horar da firistoci 'yan ƙasa. A 1922 Fafaroma Pius na 11 ya mayar da su ƙarƙashin kulawarsa, a 1926 kuma ya ware Lahadin mishan.

Wani abu da ya kamata masu zargin "zaman dogaro" su riƙa tunawa shi ne, cikin waɗanda suka ci gajiyar baikon farko na 1822 har da Louisiana da Kentucky. Amurka kanta ƙasar mishan ce a lissafin Rum har zuwa 1908. Ko bayan ta fara bayarwa, ƙauyukanta na nesa ba su daina bukata ba. Shi ya sa Fada Francis Clement Kelley ya kafa Catholic Extension a 1905, har aka riƙa mayar da taragon jirgin ƙasa ɗakin sujada ana kai wa garuruwan da ba su da coci. Ƙungiyar tana nan har yau tana tallafa wa dayosis (yankunan coci da bishop ke shugabanta) marasa ƙarfi a cikin ƙasar da ake ganin ta fi kowa arziki.

To amma duk wannan baiko na gama-gari bai taɓa zama shi kaɗai ke riƙe da mishan ba. A nan ne nake ganin yawancin masu waiwaye ke tsallake abu mafi muhimmanci.

Tsawon zamanin mishan, akwai wata doka da ake kira jus commissionis. A ƙarƙashinta, Rum kan yanki wani yanki na duniya ta damƙa shi kacokan ga ƙungiyar 'yan mishan guda. SMA, ƙungiyar mishan ta Afirka da aka kafa a Lyon a 1856, tana da nata yankunan, Mill Hill ta Landan da aka kafa a 1866 tana da nata, haka Maryknoll ta Amurka daga 1911, da sauransu da dama. Bishop ɗin yankin daga cikin 'yan ƙungiyar yake fitowa. Ƙungiyar ce ke kawo firistoci, ita ce ke ciyar da su, ita ke jinyarsu, idan sun tsufa ta mayar da su gida ta kula da su har mutuwa. Kuɗin gina makaranta da asibiti ma ta hannunta yake biyowa.

Ka dubi yadda kuɗin ke zuwa a zahiri. Firist baƙo yana zaune a wani ƙauye, da dare ya kunna fitila ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa cewa rufin makaranta ya yaye. Mahaifiyar ta kai wasiƙar cocinsu, a karanta, matan unguwa su haɗa abin da ya sawwaƙa. Idan ya je hutu bayan 'yan shekaru, sai ya zaga majami'un ƙasarsu yana nuna hotuna yana ba da labari da harshen da mutanen ke ji, su kuwa sun san gidansu, wasu ma tare suka yi firamare. Ƙungiyarsa tana da mujalla, tana da jerin sunayen masu taimako da ta tara shekara da shekaru, akwai kuma tsofaffin da ke rubuta sunanta a wasiyya. Ba a taɓa ƙidaya mafi yawan wannan a matsayin kasafin dayosis ba, domin ba na dayosis ba ne. Na mutumin ne da danginsa da ƙungiyarsa.

Tun 1919 Fafaroma Benedict na 15 ya matsa a horar da 'yan ƙasa su riƙe ikilisiyoyinsu. A 1926 aka naɗa bishop-bishop shida 'yan Sin a Rum, a 1939 kuma aka naɗa Joseph Kiwanuka na Yuganda. Daga 1950 zuwa farkon shekarun 1960 aka mayar da yankunan mishan masu yawa a Afirka da Asiya cikakkun dayosis. Babban taron Batikan na biyu, na bishop-bishop na duniya, wanda aka rufe a 1965, ya tabbatar cewa bishop ne shugaban aikin bishara a dayosis ɗinsa. Saura kawai a daidaita doka. A watan Fabrairun 1969 aka fitar da umarnin da ya soke tsohon tsarin a duk inda aka riga aka kafa dayosis. Daga ranar, ƙungiyar mishan ta koma mai taimako bisa yarjejeniya da bishop, nauyin komai kuma ya hau kan dayosis. Watanni biyar bayan haka Fafaroma Paul na 6 ya tsaya a Kampala ya shaida wa 'yan Afirka cewa yanzu su ne 'yan mishan ga kansu.

Matakin daidai ne, kuma ya zama dole. Ba na jin akwai mai hankalin da zai so a koma zamanin da baƙo ne kaɗai ke riƙe da makulli. Sai dai takarda tana iya miƙa mulki da gine-gine da filaye, ba ta iya miƙa wasiƙar ɗa zuwa ga mahaifiyarsa. Sabon bishop ɗan ƙasa ya karɓi babban coci, da gidajen firistoci, da makarantu, da asibiti mai injin wuta, da motocin da kayan gyaransu sai an yo oda daga waje. An gina komai daidai da ƙarfin aljihun da ke nesa. Shi kuwa mahaifiyarsa manomiya ce, ƙannensa ma shi suke kallo. Ba shi da mujalla, ba shi da jerin sunaye, idan ya je Turai neman taimako yana shiga ne a matsayin baƙo mai roƙo, a wurin da wanda ya gada ke shiga a matsayin ɗan gida.

Akwai kuma abin da tsohon tsarin ya koya wa masu bi ba da gangan ba. Inda mutane suka tashi suna ganin Fada ne ke kawo kwanon rufi da magani da littattafai, ba a saba musu da cewa coci nasu ne kuma su za su ciyar da shi ba. Da firist ɗan ƙasa ya zo ya fara maganar baiko da zakka, sai wasu suka ɗauka rowa ce ko kwaɗayi, suna cewa ai na da ba haka yake yi ba. Firistoci da yawa na wancan zubin sun sha wannan zargi alhali hannunsu wayam yake.

Da a ce sauyin 1969 ya zo shi kaɗai, da an lallaɓa. Amma ya faɗo daidai lokacin da masu shiga aikin firist da na sista suka fara raguwa sosai a Turai da Amurka. A 1965 sistoci a Amurka sun kai wajen 180,000, yau ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu na wannan adadi ba. Ma'anar wannan ga makarantu babba ce. Makarantar Katolika ta yi arha a ko'ina ne saboda sistar da ke koyarwa ba ta karɓar albashin kirki. Ranar da ta tafi aka ɗauki malami mai mata da 'ya'ya, dole a biya shi, kuma haƙƙinsa ne. Daga nan kuɗin makaranta ya fara hawa, makarantar da aka gina domin ɗan talaka ta fara fin ƙarfinsa. A Amurka yaran da ke makarantun Katolika sun haura miliyan 5 a farkon shekarun 1960, yanzu ba su kai miliyan 2 ba, kuma unguwannin marasa galihu ne suka fi rasa nasu.

Taimako bai tsaya ba, kamanninsa ne suka sauya. Katolikan Jamus sun kafa ƙungiyoyin agaji na Misereor a 1958 da Adveniat a 1961, ƙungiyoyin Caritas suka bazu, wasiƙar Fafaroma ta 1967 kan cigaban al'umma ta ƙara musu ƙarfi. Sun yi aikin da ba a iya musantawa, rijiyoyi da asibitoci da agajin yunwa da na yaƙi. Amma kuɗin ya koma bin takardar neman tallafin aiki, mai ranar farawa da ranar gamawa da rahoto a ƙarshe. Irin wannan tsari yana son abin da ido ke gani. Ana samun mai gina aji cikin sauƙi fiye da mai biyan malamin da zai tsaya a cikinsa shekara ashirin. Dayosis mai ofishi da ma'aikacin da ya iya rubuta takarda da harshen masu bayarwa ita ke samu, wadda ta fi talauci kuwa sau da yawa ba ta da ko wanda zai cika fam ɗin.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne katikis. A ƙauyukan da firist ba ya zuwa sai bayan makonni, shi ne ke buɗe coci ran Lahadi, ya koyar da masu shirin baftisma, ya raka gawa, ya sasanta ma'aurata. Shi ne shugaban da jama'a suka sani. Aikinsa ba ya shiga kowace takardar tallafi cikin sauƙi domin ba shi da ranar gamawa, kuma a wurare da yawa ɗan abin da ake ba shi bai isa ya riƙe gida ba.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. A 1971 wani shugaban cocin Furotesta a Kenya, John Gatu, ya yi kira a dakatar da karɓar kuɗi da ma'aikata daga waje na ɗan lokaci. Katolika ba su bi wannan hanya ba, amma a 1973 bishop-bishop na gabashin Afirka suka sa gaba a gina ikilisiya mai hidimar kanta, mai yaɗa kanta, mai ciyar da kanta, ta hanyar ƙananan ƙungiyoyin masu bi. An samu nasara a birane, har wasu dayosis ɗin yanzu su ke aika firistoci Turai. A karkara da yankunan rikici da inda Katolika ke 'yan tsiraru, jama'a suna ba da ƙarfinsu da amfanin gonarsu, amma hakan bai kai ya biya kuɗin horar da firist na shekaru bakwai ko takwas ba.

Lissafin jama'a ma ya juya. A 1910 wajen kashi biyu bisa uku na Katolikan duniya a Turai suke. Zuwa 2010 sun koma ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu. Yau Katolika sun kai kimanin biliyan 1.4, kusan ɗaya cikin biyar ɗan Afirka ne, kuma dayosis sama da 1,100 ke jiran kason baikon Oktoba. A ɗaya gefen, a 2022 kaɗai mutum fiye da 500,000 suka fice daga cocin Katolika a Jamus, ƙasar da harajin coci ya daɗe yana riƙe da ayyuka a nahiyoyi uku. Tsofaffin da suka saba aika ɗan abin da suke da shi saboda wani Fada ɗan garinsu suna ƙarewa, jikokinsu kuma ba su san kowa a can ba.

Dokar coci ta 1983 ta hango wannan. Sashe na 222 ya ɗora wa kowane mai bi nauyin taimaka wa bukatun ikilisiya, sashe na 1274 kuma ya yi tanadin asusun kula da firistoci, da tsarin jinya da tsufansu, da asusun da dayosis masu hali za su taimaki marasa hali. Sai dai asusu yana bukatar abin zubawa a ciki tun farko, dayosis ɗin da ta fara rayuwa da gadon gine-gine da bashin gyara kuwa ba ta taɓa samun rarar da za ta ajiye ba. Ko a Amurka sai a 1988 aka fara baiko na musamman domin sistoci da sauran masu alkawarin hidima da suka tsufa ba su da fansho. A tsofaffin yankunan mishan, firistoci da sistoci 'yan ƙasa da suka karɓi aiki a shekarun 1970 yanzu sun haura saba'in, ba su da wata ƙungiya a ƙetare da za ta kira su gida, kuma kuɗin maganinsu yana fitowa ne daga asusu ɗaya da albashin katikis da na malamin makaranta.