Waiwaye: Kishin ƙasa a makarantun Japan da makomar 'ya'yan ruwa-biyu

A watan Fabrairun 2023, a garin Himeji, wani ɗalibi wanda mahaifinsa baƙar fata ne ɗan Amurka ya je bikin kammala sakandare da kitso a kansa. Malamai suka ce ya saɓa dokar makaranta, suka ware shi a saman bene nesa da abokansa, suka ce ko an kira sunansa kada ya amsa. Bai jira an tashi ba ya yi tafiyarsa.

Tushen maganar ya koma 1890, lokacin da Sarki Meiji ya fitar da umarnin tarbiyya da yara ke haddacewa, wanda ya ce idan ƙasa ta shiga haɗari su sadaukar da kansu domin gadon sarauta. Da Japan ta sha kaye a yaƙin duniya na biyu, aka kafa sabuwar dokar ilimi a 1947 ƙarƙashin mamayar Amurka, majalisa ta soke tsohon umarnin a 1948. Malamai da dama suka ɗauki alwashin ba za su sake tura ɗalibansu fagen fama ba.

Shi ya sa tuta da taken ƙasa suka zama abin faɗa. Sai a 1999 doka ta amince da Hinomaru a matsayin tutar ƙasa da Kimigayo a matsayin taken ƙasa a hukumance, bayan wani shugaban makaranta a yankin Hiroshima ya kashe kansa, ya rasa wanda zai bi tsakanin hukuma da malamansa. A 2003 hukumar ilimi ta Tokyo, zamanin gwamna Shintaro Ishihara, ta wajabta wa malamai miƙewa a rera taken. An hukunta ɗaruruwa, kotun ƙoli kuma ta halasta umarnin a 2011. Firaminista Shinzo Abe ya sa son ƙasa cikin dokar ilimi a 2006, darasin ɗa'a ya zama cikakken fanni a firamare a 2018.

A ganina, abin da ya fi ci wa iyayen 'ya'yan ruwa-biyu tuwo a ƙwarya ba rera take ba ne. Tsohon tunanin nan ne cewa ɗan Japan kama ɗaya gare shi, wanda firaminista Nakasone ya furta a 1986 da ya kira ƙasar ta jinsi guda. A makaranta, a kan gashi ake gane shi. Makarantu da yawa sun riƙa neman takardar shaida cewa launin gashin ɗalibi ko nannaɗewarsa halitta ce, wasu har da hoton yarinta. A 2017 wata ɗaliba a Osaka ta kai ƙara kan tilasta mata rina gashinta baƙi. Kotu ta ba ta diyyar yen 330,000 a 2021, amma ta ce dokar gashin ba ta da laifi. Tokyo dai ta janye irin waɗannan dokoki a 2022.

Kusan jariri ɗaya cikin hamsin a Japan yana da uwa ko uba baƙo, alhali kafin 1985 ta wajen uba ake gadon zama ɗan ƙasa. Yau ana tafa wa ɗan ƙwallon kwando Rui Hachimura, ɗan mutumin Benin, da ya riƙe tutar ƙasar a gasar Olympics ta Tokyo, da ɗan tsere Abdul Hakim Sani Brown, wanda mahaifinsa ɗan Ghana ne. Yaron da bai iya gudu ko ƙwallon kwando ba fa? A zaɓen majalisar dattawa na Yulin 2025, jam'iyyar Sanseito mai taken fifita 'yan Japan, wadda ke neman a ƙara cusa kishin ƙasa a aji, ta lashe kujeru 14.