Kirista da dukiyarsa: tambayoyi kan zakka, baiko da taimakon mabukata

Dole ne Kirista ya fitar da zakka, kashi ɗaya bisa goma?

A Tsohon Alkawari doka ce a kan Isra'ilawa, kuma Malakai 3:10 ita ce ayar da aka fi karantawa a majami'u idan za a yi maganar. Sai dai mutane da yawa ba su san cewa Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce a kowace shekara ta uku a tara zakkar a cikin gari domin Lawiyawa (ƙabilar da ke hidimar ɗakin Allah), baƙi, marayu da gwauraye ba. Ashe tun asali akwai rabon talaka a cikinta.

A Sabon Alkawari manzanni ba su yanka wa kowa adadi ba. Bulus ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudurta a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko a kan tilas ba (2 Korantiyawa 9:7). Ikkilisiyoyi sun bambanta a nan. A ganina kashi ɗaya bisa goma mafari ne mai kyau, amma wanda ya biya shi ya kuma toshe kunne ga kukan maƙwabci bai gama aikinsa ba. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa, masu tsananta bin dokar addinin Yahudawa, a kan haka a Matiyu 23:23: suna fitar da zakkar ganyen miya, sun bar adalci da jinƙai.

Gaskiya ne idan ka "shuka iri" Allah zai ninka maka kuɗinka?

Wannan koyarwa tana ɓata mini rai ƙwarai. Ana gaya wa mai neman aiki ko matar da ke neman haihuwa su kawo kuɗi domin a buɗe musu ƙofa, kuma galibi marasa ƙarfi ne ke kwashe ɗan abin da ke hannunsu. Allah yana sa wa mai bayarwa albarka, wannan babu shakka, amma ba ciniki ake yi da shi ba. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Bulus kansa, wanda ya yi ta tara gudummawa domin matalautan Urushalima, da ɗinkin tanti yake ciyar da kansa a Koranti.

To talaka fa, da me zai bayar?

Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12 'yan tsaba biyu kawai ta jefa, ya ce ta fi attajirai duka. Ikkilisiyoyin Makidoniya ma cikin tsananin talauci suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawar matalautan Urushalima.

Ba kuɗi kaɗai ne baiko ba. A ƙauyuka, ranar godiyar kaka za ka ga an shigo da damin dawa, buhun masara, kaji da doya. A watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi da hedkwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi, iyalai a Yola da Jos sun buɗe ɗakunansu ga 'yan gudun hijira. Wanda ya raba tabarma da tuwo a wannan lokaci ya bayar ne da gaske.

In fara da iyalina ko da majami'a?

Kada ka bar 'ya'yanka da yunwa ko iyayenka babu magani da sunan baiko. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya.

Laifi ne in tambayi inda baikona yake tafiya?

Ko kaɗan. Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar matalautan Urushalima shi kaɗai ba; ikkilisiyoyi ne suka zaɓi waɗanda za su raka ta, don kada wani ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:19-21). Dattawan majami'a su riƙa karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, membobi kuma su tambaya cikin ladabi nawa ne ya kai ga gwauraye da marayu.