Wat 300 da ke bayan fanel ɗin sola: wa ya auna, da wace ƙa'ida?

Juya kowane fanel ɗin sola a kasuwar Birnin Kebbi, za ka ga takarda manne a bayansa. An rubuta wat 300 ko 450, ga kuma haruffa uku, STC, wato yanayin gwaji na bai ɗaya, waɗanda ba kasafai ake kula su ba. Alhali sharaɗin duka yana cikinsu. Ƙa'idar IEC, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya da ke Jeniba, ta ce a auna fanel da hasken da ƙarfinsa ya kai wat 1,000 a kan murabba'in mita guda, irin hasken rana da ya ratso iska ya iso ƙasa, wanda ake kira AM1.5, zafin fanel ɗin kuma digiri 25.

Digiri 25 a Kebbi? A watan Afrilu iska ma takan haura 40, fanel a kan rufin kwano kuwa ya kai 60 ba wuya. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, silikon, sinadarin da ake yin fanel da shi, na rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. Wato mai wat 300 zai dawo wajen 260, tun kafin ƙurar hunturu ta ci nata rabon. Wannan ba ha'inci ba ne, haka abin yake.

Ha'incin yana wajen awo, shi ya sa ba a yarda ɗakin gwaji ya shaidi kansa. Ƙa'idar ɗakunan gwaji ta duniya, ISO/IEC 17025, ta ɗora wa duk wanda ke son a amince da shi ya riƙa kwatanta sakamakonsa da na takwarorinsa. Akan ɗauki ƙwayar sola guda, irin waɗanda ake jerawa su zama fanel, a zagaya da ita ɗakunan gwaji, kowa ya auna ba tare da ya leƙa na wani ba, sannan a baje alƙaluman. Kamar a tara mudun 'yan hatsi ne a zuba musu gero ɗaya, a ga na wa ke cin mutane. Da irin wannan zagaye ɗakunan gwaji huɗu na Jamus, Amurka, Japan da Sin suka kafa ma'aunin bai ɗaya a shekarun 1990.

Tsakanin ƙwararrun ɗakuna, saɓanin bai cika wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. To, wanda ya sayar maka da fanel mai wat 300, da tsakar rana a goge fes ya ƙi wuce 150, ya ce ai kowane ɗakin gwaji da nasa awon, wallahi zance yake so.

A nan gida SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, ita ce ke tantance kayan da ake shigowa da su, ta tsarinta mai suna SONCAP. Manomin rani a fadamar Argungu da zai sayi fanel don famfo ya nemi ganin takardar shaidar IEC 61215, wato ta gwajin ingancin fanel, ya duba sunan ɗakin da ya yi gwajin, lambar samfurin kuma ta dace da wadda ke jikin fanel ɗin. Sannan ya ƙara kashi 20 a lissafinsa saboda zafi da ƙura.