Ladabi, Sutura da Kula da Ɗalibai a Makarantun Maza na Saudiyya

Makarantun maza a Saudiyya su ne waɗanda yara maza ke karatu su kaɗai, domin tsarin ilimin ƙasar ya raba maza da mata. Shekara 6 ake yi a firamare, 3 a matsakaiciya, 3 a sakandare, kuma makon karatu daga Lahadi ne zuwa Alhamis. Malaman maza ne, sai dai tun 2019 aka fara bai wa malamai mata azuzuwan farko na firamare a wasu makarantu. 'Ya'yan Hausawan Makka, Madina da Jidda suna cikin waɗannan makarantu, wasu 'yan ƙasa ne masu laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi, wasu kuma 'ya'yan mazauna ne masu iƙama, wato takardar izinin zama.

Sutura

Farar jallabiya, wato saub, ita ce kayan makarantar da aka saba da shi. A farkon 2025 Ma'aikatar Ilimi ta wajabta wa ɗaliban sakandare 'yan ƙasa, na makarantun gwamnati da na kuɗi, su haɗa jallabiyar da gutura ko shimagi, mayafin kai fari ko mai jan zane. Wanda ba ɗan ƙasa ba jallabiya kawai aka ɗora masa, kuma umarnin bai shafi makarantun baƙi ba. A unguwannin da Hausawa suka yi yawa a Makka, irin su Hindawiyya da Titin Mansur, ana iya samun yara biyu a benci ɗaya, duka Hausa suke ji a gida, ɗaya da shimagi ɗaya kansa a buɗe. Ba don rarrabe yara aka kafa dokar ba, don raya suturar ƙasa ne, amma ta fito da abin da a da sai an buɗe fayil ake sani.

Ranar motsa jiki ana sa kayan wasanni. Gashi ma ana duba shi: askin da ake kwashe gefe a bar tsakiya, wanda malamai ke kira ƙaza'u, yana cikin abubuwan da ake tsawatarwa a kai, haka dogayen farce.

Ɗa'a da halarta

Ma'aikatar ta haramta duka. Abin da ya maye gurbin bulala shi ne rubutacciyar ƙa'ida ta ɗa'a da halarta, wadda ke bai wa kowane ɗalibi maki 100 na ɗa'a da 100 na halarta, a riƙa ragewa gwargwadon laifi. An jera laifuka hawa-hawa. Makara, barci a aji da rashin sa kayan makaranta suna ƙasa. Tsallake katanga, shan taba, faɗa da cin zalin ƙanana sun fi su nauyi, a can sama kuma akwai taɓa malami da shigo da makami. Hukuncin ma da mataki yake tafiya: gargaɗi da baki, rubuta alkawari da sa hannu, kiran waliyyi, har mayar da yaro wata makaranta. Yaron da ya gyara hali yana iya dawo da makin da aka cire masa, kuma nan ne ƙa'idar ta fi ma'ana.

Ana shigar da halarta a manhajar Noor, saƙo kuma ya isa wayar uba. Iyayen da suka taso a hannun malamin allo sukan ce an sassauta wa yara da yawa. Sai dai uban da aka kira daga wurin sana'arsa ya zo ya sa hannu a ofishin mataimakin shugaban makaranta ya san cewa takarda ma tana da zafinta.

Kula da ɗalibai

Yini yana farawa da layin safe a farfajiya: ɗan motsa jiki, taken ƙasa, sannan shirin da ɗalibai ke gabatarwa a lasifika, karatun Alƙur'ani da hadisi da gajeren jawabi. Idan lokacin azahar ya riske su a makaranta, jam'i ake yi. Akwai jami'in da aikinsa kawai bibiyar halin yara ne, muwajjih. Shi ke zama da wanda karatunsa ya ja baya, ko maraya, ko wanda ake tsangwama saboda launin fatarsa, shi ne kuma ke haɗa gida da makaranta.

Ayyukan bayan aji sun haɗa da musabaƙar hadda, ƙwallon ƙafa da ƙungiyar sikawut, wadda ke da matsayi na musamman a ƙasar. Duk shekara 'yan sikawut suna aiki a Mina da Arfa, suna mayar da alhazan da suka ɓata tantunansu, kuma yaron da ke jin Hausa da Larabci yana da amfani sosai ga alhazan Nijeriya da Nijar.

Matsalar da ta fi damun wasu iyalan Hausawa tana zuwa ne tun kafin a kai ga zancen sutura: rajista ta yau da kullum tana buƙatar katin ɗan ƙasa ko iƙama mai aiki, don haka a da yaron da takardun iyayensa ba su cika ba yakan tsaya a halƙar haddar masallacin unguwa, kafin ma'aikatar ta buɗe hanyar karɓar irin waɗannan yara a 2022.