Diyyar ƙuna da sakaci ya jawo: me ake nufi da ita, kuma yaya ake samunta?

Diyyar ƙuna kuɗi ne da doka take tilasta wa mutum ko kamfani ya biya wanda wuta, tafasasshen ruwa, lantarki ko wani sinadari ya ƙona, matuƙar rashin kularsa ne ya jawo. Ba ita ce 'yar kuɗin da ake kawowa asibiti ranar dubiya ba. Haƙƙi ne, kuma manufarsa a mayar da wanda aka cuta kusa da halin da yake ciki kafin abin ya faru, gwargwadon abin da kuɗi zai iya gyarawa.

A bakin jama'a kowane ganganci sakaci ne, amma a gaban alƙali sai an tabbatar da abu 4: cewa akwai nauyin kiyaye lafiyarka a wuyan wanda kake ƙara, cewa bai yi abin da mai hankali zai yi a matsayinsa ba, cewa wannan gazawar ce ta haifar da ƙunar, sannan cewa an yi asara ta zahiri. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga shari'ar Donoghue da Stevenson da aka yanke a Birtaniya a 1932, kuma har yau kotunan Najeriya suna aiki da ita. Mai sayar da gas da yake ɗura tukunya daf da kaskon mai suyar ƙosai ya faɗa ciki. Haka kamfanin rarraba lantarki da aka yi ta sanar wa waya ta sauko amma bai gyara ba, da asibitin da aka bar gorar ruwan zafi a jikin jariri.

A cikin abu 4 ɗin nan, na ukun, wato nuna cewa gazawar ce ta haifar da ƙunar, shi ne ya fi kayar da masu ƙara. Kowa ya ga tabo, amma ina hujjar cewa daga tukunyar da wane ya sayar wutar ta tashi, ba daga tiyon da aka ɗaure da roba a gida ba? Sauƙin da ake da shi biyu ne. A shari'ar neman haƙƙi rinjayen hujja ake buƙata, ba irin tabbacin da ake nema kafin a ɗaure mutum ba. Sannan idan abin da ya yi ɓarnar yana hannun wanda ake ƙara shi kaɗai, kuma irin hatsarin ba ya aukuwa sai da sakaci, kotu kan ce shi ya yi bayanin yadda aka yi. Majinyacin da aka sa wa maganin barci ya farka da ƙuna a cinya, ai ba shi za a tambaya ba.

Idan wanda ya ƙone yana da nasa laifin, ana rage masa diyya daidai rabonsa na laifin, ba a hana shi baki ɗaya. A nan ne hatsarin tankar mai yake da sarƙaƙiya. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, inda fiye da mutum 150 suka rasu a Oktoban 2024, da yawa sun je kwasar man da ya malala ne. Wanda ya tunkari tanka da bokiti zai sha wuya a kotu, domin za a ce ya ga haɗari ya kai kansa. Wanda wutar ta iske a shagonsa ko a cikin mota yana wucewa kuwa, shari'arsa daban ce, kuma kamfanin da ya ɗauki direban aiki shi ma yana ɗaukar alhakin sakacin direbansa. Shi ya sa ake haɗa su duka a ƙara. Direba ba shi da abin biya, amma kamfani yana da dukiya da inshora.

Kuɗin da ake yankewa kashi biyu ne. Na farko asarar da ake iya ƙirgawa: kuɗin gado, wankin ciwo, magani, ƙarin ruwa da jini, tiyatar dashen fata, kuɗin mota, albashi ko cinikin da aka rasa, kayan da suka ƙone. Wannan kashi sai an rubuta shi dalla-dalla a takardar ƙara, an kuma tabbatar da kowane layi. Iyali za su sayar da gona su kashe miliyoyi, amma don ba a adana rasit ba alƙali ya ce babu hujja. Na biyu shi ne abin da ba shi da rasit: raɗaɗi, canjin kamanni, rasa amfanin hannu, budurwar da tabo ya mamaye mata fuska. Wannan alƙali ne yake ƙiyasta shi, kuma abin da yake dogara da shi rahoton likita ne.

Saboda haka rahoton ya zama cikakke. Ya faɗi zurfin ƙunar, ko saman fata ta tsaya, ko ta ci rabin kaurinta, ko ta cinye ta gaba ɗaya. Ya faɗi faɗinta: ga babba, likitoci suna lissafa kai da wuya kashi 9 cikin 100 na jiki, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaban gangar jiki 18, bayansa 18, tafin hannun majinyaci da yatsunsa kuma wajen kashi 1. Mafi muhimmanci, ya faɗi abin da ke gaba. Ƙuna mai zurfi idan ta warke fatar takan tsuke, ta ƙanƙance gwiwar hannu, ta manne yatsu ko ta ja haɓa zuwa ƙirji. Tabo kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya zauna. Yaro kuwa ƙashinsa yana girma, tabon ba ya miƙewa tare da shi, don haka ana iya sake yi masa tiyata sau da dama kafin ya balaga. Likitan tiyatar gyaran fata ne ya kamata ya rubuta wannan ƙiyasi, domin diyya sau ɗaya ake yanke ta, ba a komawa kotu a ce kuɗin bai isa ba.

Wannan ne dalilin da ya sa takardar sulhu da ake kawowa a makon farko take da haɗari. Wakilin kamfani zai biya kuɗin asibiti, ya nemi a sa hannu cewa magana ta ƙare, iyali kuma suna cikin ruɗani. Karɓar taimako ba laifi ba ne. Sa hannu a kan yafe haƙƙi kafin a san ƙarshen ciwon shi ne kuskuren. Sulhu abu ne mai kyau, sau da yawa ya fi shekarun zaman kotu, amma a yi shi da rahoton likita a hannu da lauya a gefe.

Sai dai ciwo yana son a jira, doka kuma ba ta jira. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, a Legas shekara 3 ne ga raunin jiki. Idan ma'aikatar gwamnatin tarayya ko jami'inta ake ƙara, dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya wata 3 kacal ta bayar, lokacin da mai ƙuna mai tsanani wataƙila bai bar gadon asibiti ba. Wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su a kotu. Mafita ita ce wani daga dangi ya ga lauya tun majinyaci yana kwance. Ƙaramin yaro kuma uba ko waliyyi ne yake shigar da ƙara a madadinsa.

Wanda ya ƙone a bakin aiki yana da wata hanyar. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, kuma a nan ba sai an tabbatar da sakacin kowa ba. Ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara 1. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Matsalar ita ce masu gidajen burodi da ƙananan masana'antu da yawa ba su yi rajista ba.

A kotun Musulunci lissafin daban ne. A mazhabar Malikiyya cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinare 1,000. Idan ƙuna ta kashe hannu ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya ne, yatsa kashi ɗaya cikin goma. Tabon da ba shi da ƙayyadadden adadi ana barinsa ga hukuma, wato ƙiyasin alƙali, kuma ba a yankewa sai ciwo ya warke an ga aibin da ya bari.

Hujja kuwa tun ranar farko ake tara ta. Kada a jefar da tukunyar da ta fashe, ko risho, ko ragowar kananzir ɗin da ake zargin an gauraya da fetur, kada kuma a mayar wa mai shago. A ɗauki hoton wurin da na ciwon kowane mako, a ajiye wayar da aka ɗauka da ita, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar takardar tabbatar da na'urar. A karɓi rahoton 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, a rubuta sunayen shaidu da lambobinsu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya a jiharsa, domin ƙarar neman diyyar hatsari tana cikin ayyukan da doka ta ɗora mata.