Ofiyoyid: Magungunan Kashe Raɗaɗi Masu Ƙarfi

Ofiyoyid suna ne da ya tattara wani dangin magunguna da likitoci ke kashe raɗaɗi mai tsanani da su, irin raɗaɗin da farasitamol da 'yan'uwansa ba sa ko girgiza shi. Babban gidan shi ne mofin, kuma da shi ake auna ƙarfin sauran. A sahun masu ƙarfi akwai fentanil, petidin, oksikodon da metadon. Kodin da tiramadol ana lissafa su cikin masu sauƙi-sauƙi, ko da yake su suka fi yawo a bakin jama'a a ƙasar Hausa, ba kuma don alheri ba. Akwai kuma allurar pentazosin, wadda asibitocin Najeriya suka daɗe suna dogaro da ita.

Asali

Tushen dangin shi ne ƙullun wani fure da ake kira fofi. Idan aka tsaga ɗanyen ƙullun, wani farin ruwa mai kauri kamar na tumfafiya yakan tsattsafo, ya bushe ya yi duhu. Shi Larabawa ke kira afyun, kuma likitocin da can sun san shi, har Ibn Sina ya yi bayanin amfaninsa da haɗarinsa. Matsalarsa ita ce ba a san ƙarfin kowane curi ba, yau ya yi sauƙi gobe ya kashe.

Wajen shekarar 1804 wani matashin mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tsamo sinadarin da ke aikin daga cikin afyun, ya raɗa masa suna daga Morpheus, gunkin mafarki na Girkawa. Daga nan aka samu abin da za a iya aunawa a sikeli. An tsamo kodin a Faransa a 1832, sirinji mai allura ya fito a 1853, sai kamfanin Bayer ya fara sayar da hodar hiroyin a 1898 a matsayin maganin tari, kafin duniya ta gane irin abin da aka ɗebo. Petidin da metadon an haɗa su a Jamus a ƙarshen shekarun 1930 ba tare da an taɓa fure ba. Paul Janssen ya haɗa fentanil a Beljiyam wajen 1960, wanda ya ninka mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100. Tiramadol kuwa kamfanin Grünenthal ya fitar da shi kasuwa a 1977.

Yadda suke aiki

Raɗaɗi saƙo ne. Yana tashi daga inda aka ji ciwo, ya bi jijiya zuwa laka, daga laka ya hau ƙwaƙwalwa. A kan wannan hanya akwai wasu 'yan gurabe da ofiyoyid ke shiga su zauna daram, kamar makulli a kwaɗo, kuma da zarar sun zauna sai saƙon ya raunana. A 1973 aka gano guraben, a 1975 kuma masu bincike a Aberdeen ta Sikotilan suka gano cewa jiki da kansa yana samar da irin nasa makullan. Maganin dai aron kujerar masu gida yake yi.

Ba ya warkar da abin da ya kawo ciwon. Ƙashin da ya karye yana nan a karye. Majinyata da yawa sukan ce suna jin ciwon yana nan, amma ya daina damunsu. Irin waɗannan gurabe suna nan a hanji da kuma sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, kuma daga nan yawancin illolin ke fitowa.

A gadon asibiti

Inda aka fi buƙatar su sananne ne: bayan tiyata, karaya da raunukan haɗarin mota ko babur, ƙuna, ciwon daji, da tashin amosanin jini. Masu sa barci a ɗakin tiyata suna amfani da fentanil domin saurin kamawarsa da saurin sakinsa. A Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen gashin ciwon daji, kuma yana karɓar majinyata daga Kebbi, Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Da yawan masu ciwon daji a wannan yanki ba sa isowa asibiti sai ciwo ya ci jiki, lokacin da babban abin da ya rage a yi musu shi ne a sauƙaƙa musu raɗaɗi.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ake kira tsani mai matakai uku domin masu ciwon daji. A fara da farasitamol ko ibuprofen. In bai yi ba a hau zuwa kodin ko tiramadol. In shi ma bai yi ba, sai mofin da ire-irensa. Wanda ya zo yana birgima ba a sa shi bin tsanin mataki-mataki, kai tsaye ake kai shi sama. Tsarin ya zo da ƙa'idoji biyu da suka fi tsanin kansa muhimmanci. Ta farko, a ba da ta baki muddin majinyaci na iya haɗiya, duk da cewa mutanenmu sun fi yarda da allura, suna ganin ita ce magani na gaske. Ta biyu, a ba da shi bisa agogo, kada a jira sai ciwo ya dawo. Mofin na ruwa ko ƙwaya mai saurin aiki yana riƙe mutum kamar awa 4, mai saki a hankali kuma awa 12. In aka jira sai majinyaci ya fara nishi, to za a buƙaci fiye da abin da da farko zai isa.

Ba kowa da kowa ake ba awo ɗaya ba. Ana farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa har a kai inda raɗaɗi ya kwanta mutum kuma yana farke yana hira. Abin da aka sha ta baki sai ya ratsa hanta, ta cinye kaso mai yawa, shi ya sa awon baki yakan ninka na allura sau biyu zuwa uku.

Sanin inda za a tsaya ya dogara ga abin da majinyaci ya faɗa, kuma a nan al'ada takan shiga tsakani. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya a bakin gadon dattijo ta ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata, da sauƙi," alhali ya damƙe ƙarfen gado, goshinsa na tsattsafo da gumi. A wurinsa raki abin kunya ne, haƙuri kuma ibada. Saboda haka ake koya wa ma'aikata su sa majinyaci ya kimanta ciwonsa daga sifili zuwa goma, ko ya nuna a hotunan fuskoki, su kuma tambayi mai jinyarsa ko ya runtsa da dare.

Akwai fentanil na mannawa a fata, wanda ake canzawa bayan awa 72. An yi shi ne don wanda ya riga ya saba da ofiyoyid kuma ciwonsa ya daidaita. Zafi yana sa fata ta zuƙi maganin da sauri fiye da ƙima, gumi kuma yana ɓamɓare shi, abin lura ne ƙwarai a gari irin Sakkwato inda zafin watan Afrilu ke haura maki 40.

Masu amosanin jini suna da nasu labarin. Ana ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta duk shekara a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu ita. Sanyin hunturu da ƙarancin ruwa a jiki sukan tayar da ita, ƙasusuwa su riƙa sara kamar ana dukansu da taɓarya. Mofin ne ya dace da babban tashi. Inda babu shi akan koma wa pentazosin, wanda ƙarfinsa ke da iyaka, kuma in aka yi ta soka shi a wuri ɗaya naman wurin yakan taurare ya zama gyambo. Wasu daga cikin masu ciwon sun kamu da jarabar pentazosin ta hanyar yi wa kansu allura a gida. Wasu kuma, da ciwonsu na gaskiya, a yi musu kallon 'yan ƙwaya don kawai sun san sunan maganin da ke yi musu aiki.

Illa

Bushewar ciki ita ce illar da kusan kowa ke samu, kuma ba ta wucewa da sabo, don haka ake haɗa maganin da mai sassauta bahaya tun ranar farko. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan lafa bayan 'yan kwanaki. Wasu sukan yi ƙaiƙayi ko fitsari ya riƙe. Mai ciwon ƙoda ana taka-tsantsan da shi, domin ragowar mofin ta fitsari take fita. Petidin da tiramadol suna iya jawo jijjiga. Kodin kuwa sai hanta ta mayar da shi mofin kafin ya yi aiki, kuma hantar wasu tana yin hakan da gaggawa, shi ya sa ba a ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 ko mai shayarwa.

Abin da ke kisa shi ne danne numfashi. Alamominsa uku ne: barcin da ba a iya tayar da mutum, numfashi jefi-jefi, da baƙin ido ya tsuke kamar kan allura. Haɗarin yana ninkuwa in aka haɗa da giya ko maganin barci irin diyazefam. Makarinsa shi ne allurar naloksan, wadda ke tunkuɗe maganin daga gurbinsa cikin mintuna, sai dai takan saki kafin mofin ya saki, don haka ba a sallamar mutum don ya buɗe ido.

Sabo da kamu

Ana yawan cakuɗa abubuwa uku. Jiki yakan saba har awon da ke aiki da ya daina isa. Yakan kuma dogara da maganin, ta yadda in aka tsayar farat ɗaya sai hamma, majina, gumi, gudawa da ciwon gaɓɓai su taso, kuma maganin wannan shi ne a janye a hankali. Kamu daban ne: mutum ya riƙa farautar maganin ba don ciwo ba, yana ganin yana rusa shi amma ya kasa bari. Na farko da na biyu suna samun duk wanda ya daɗe yana sha. Na uku cuta ce da ake jinya, kuma a jihar Sakkwato Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana karɓar masu ita.

Amurka ta ga abin da sakaci ke haifarwa. Bayan fitowar wata ƙwayar oksikodon mai suna OxyContin a 1996 an yi ta rubuta shi ga masu ciwon baya da gaɓɓai, inda amfaninsa na dogon lokaci bai taka kara ya karya ba. Daga ƙwaya mutane suka koma hiroyin, daga nan fentanil na bayan fage, har waɗanda shan ƙwaya fiye da ƙima ya kashe a 2021 suka haura 100,000.

Doka da ƙaranci

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta ɗora wa ƙasashe nauyi biyu, su hana karkatar da waɗannan magunguna, su kuma tabbatar marasa lafiya sun samu. A Najeriya NAFDAC ke kula da izinin shigo da su, NDLEA da aka kafa a 1989 ke kama masu safara. A asibiti mofin yana cikin akwati mai makulli, kowace kwalba ana rubuta ta a rajista da sunan wanda aka yi wa.

Nauyi na farko ya fi samun masu ɗauka, ba kuma a banza ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan ofiyoyid ba bisa umarnin likita ba, galibi tiramadol, wanda ake kira tiramol. Doka ta yarda da mai miligiram 50 da 100, amma na 200 da 225 ne ke yawo a tasha da wuraren aikin ƙarfi. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC.

Nauyi na biyu ne ke ƙasa. Kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa, alhali garin mofin ba shi da tsada. Tsoro na daga cikin dalilai: ma'aikaci na tsoron tuhuma, dangi na ɗaukar mofin alamar an cire rai da majinyaci, wasu kuma na tambayar hukuncinsa tunda yana gusar da hankali, duk da ƙa'idar malaman fiƙihu cewa larura tana halatta abin da aka hana. Yuganda ta bi wata hanya: tun 1993 aka fara dama garin mofin da ruwa ana kai wa majinyata har gida, kuma a 2004 doka ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi a inda babu likita.