Waiwaye: Yadda takardun gonakin Bihar suka gagari masu su

Tun da aka baza aikin auna filaye a ƙauyukan jihar Bihar ta Indiya a 2024 ake ta ka-ce-na-ce. Manomi zai buɗe tsohuwar adaka, ya zaro takardar gonar kakansa wadda suke kira khatiyan, a rasa mai karanta ta a duk ƙauyen. Sai da aka koya wa ma'aikatan awon rubutun da ke ciki, wato Kaithi.

In ana maganar tarihin filayen Bihar, abin da kowa ke kawowa shi ne tsarin Turawan Ingila na 1793 da ya damƙa ƙasa hannun iyayen ƙasa, zamindar, da dokar 1950 da ta soke sarautarsu. Duk haka ne. Amma a ganina akwai wani sauyi tsakanin 1793 da 1950 da ba a cika waiwayarsa ba, kuma rayuwar mutum ɗaya ta isa ta nuna shi.

An haifi marubucin Hindi Raja Radhika Raman Prasad Singh a 1890 a gidan sarautar Surajpura, lardin Shahabad. Danginsa Kayastha ne, magatakarda tun kaka da kakanni, daga sunansu ma Kaithi ya samo nasa. Shekara goma kafin haihuwarsa aka ba da umarnin amfani da Kaithi a kotunan Bihar. Rubutu ne na sauri, babu layin nan da ake ja a kan haruffan Hindi, sau da yawa kalmomi a manne, kowane magatakarda da irin hannunsa. Da shi ake rubuta rasidin haraji, jingina da iyakar gona.

Radhika Raman yana tasowa iska ta juya. Mujallu da injin ɗab'i sun karkata ga Devanagari, rubutun da ake rubuta Hindi da shi yau, masu ilimi irinsa suka bi. A 1913 gajeren labarinsa, Kanon Mein Kangana, ya fito a mujallar Indu, daga baya ya rubuta littafin Ram-Rahim, a 1962 aka ba shi lambar girma ta gwamnatin Indiya, Padma Bhushan. Hindi ta ci riba, ba musu.

Kaithi kuwa a hankali ya zame daga aji, sannan daga kotu, har ya zama sai tsofaffi. Takardun gona suna nan cikin adaka yadda aka rubuta su. Yau mai gona kan yi tafiya neman wanda zai karanta masa iyakarsa, ya kuma biya.